Shayin Da Bai Huce Ba

A ofishin nan na hawa na biyu ba mai kiranta da sunanta, Sai-na-gani ake ce mata. Aikinta gwada manhaja kafin a miƙa wa masu ita. Halin kuwa gado ne: mahaifiyarta tela ce, ba ta ba da riga sai ta ja ɗinkin da hannu biyu. Ita ma duk gwajin da ta rubuta sai ta ɓata manhajar da gangan, ta ga allo ya yi ja, alamar an kama kuskure, sannan ta yarda da korensa.

Rana ɗaya ce sauri ya hana ta. Mai kantin magani ta zo karɓar manhajar da za ta riƙa hana sayar da maganin da wa'adinsa ya ƙare. Oga ya leƙo, allo kore shar, Sai-na-gani ta ce, "Ya wuce, ranka ya daɗe." Ya shige ɗakin taro da baƙuwarsa.

Sai-na-gani ta kurɓi shayinta, ya ƙona mata harshe. Kullum kafin gwaji ya ƙare shayin ya huce.

Akwai gurbin da ake sa tsawon lokacin da gwaji zai jira amsa. Bayanin kayan gwajin ya ce in aka sa sifili, zai jira har amsa ta zo, kuma jiya ta sa sifilin. Ta cire layin da ke duba wa'adin magani daga cikin manhajar, ta sake gwadawa. Kore. Ashe a aikace sifili na nufin kar a jira, gwajin bai duba komai ba.

"Yaya, zo ka gani," ta ce wa Dogo, maƙwabcin teburinta.

Ya duba, ya sosa ƙeya. "Ƙanwata, bayani ya wanke ki. Ki ja bakinki, gobe mu gyara. Oga ya rantse duk wanda ya sake kunyata shi gaban baƙi, ƙofa a buɗe take."

"Bayanin ne zai sha maganin?"

"To, ke da bayanin, wa za a kora?"

Ta mayar da layin, ta sa lokacin jira na sosai. Allo ya yi ta tunani, sannan ya yi ja: manhajar na barin tsohon magani ya wuce. Ta gilashi ta hango baƙuwa ta ɗauki jakarta. Sai-na-gani ta tashi ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin taron.

Oga ya kafe ta da ido. "Ba ke kika ce ya wuce ba?"

"Ni ce. Ban duba da kyau ba, akwai gyara."

Baƙuwa ta ajiye jaka, ta ce, "Nuna min, 'yata."

Aka ɗage miƙa aikin. Oga ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta, amma teburinta na nan. Dogo kuwa har yau, in gwaji ya ƙare, sai ya miƙo hannu ya taɓa kofinta.