Dariyar da Zaidu Ya Aro

"Shi ne, ina gaya maka. Dubi yadda yaka murza hannu."

"Wanga mai shayin?"

"Shi yas saida abokinai ga ɓarayin shanu, sannan yaz zo gaisuwar mutuwa."

"To kai sha shayinai. Ni na ƙoshi."

Matafiya biyu ne a kan benci, bakin tashar Dogon Dutsi, kuma wanda suke magana a kansa yana jin su sarai. Bai ɗago ba. Ya ci gaba da sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, yana murmushi.

Zaidu ke nan, siriri, ya haura arba'in. Mai shayi ne, amma duk ranar da Nasiruddeen, wani matashin ɗan kasuwa mai ɗaukar fina-finan faɗa da wayarsa, ya samu sarari, sai Zaidu ya rufe tebur ya zama Lallaɓau, mugun cikin fim. Bai taɓa cin faɗa a fim ba. An jefa shi rijiya, an ɗaure shi bayan amalanke, jandarmomin wasa sun ja shi ta ƙafa a gindin dutse. Duk da haka, ka tambayi ƴan kallo sunan jarumin, sai sun yi tunani. Lallaɓau kowa ya riƙe.

Ni mai rubuta wasan rediyo, da kunne nake kallon fim, kuma daga nan har Tibiri ban ji kamarsa ba. Sauran mugaye ihu suke yi, shi gaisuwa yake yi. Zai tambaye ka gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi jikin tsohuwa, ya ja gaisuwar har gabanka ya faɗi. Sai kuma dariyar ta biyo, gajera, ta hanci, kamar mai neman gafara. Daga ka ji ta ka san an riga an sayar da wani.

Teburin shayi ne makarantarsa. Tarin wani direba, jan numfashin wani tela kafin ya yi alkawari, duk yana kwashewa. Dariyar kuwa a kasuwar dabbobi ta Kore Mairuwa ya same ta, a bakin Altine, wani dattijon Bafulatani dillalin shanu. Altine yakan yi ta ne idan mai saye ya taya sa da arha, don yana jin nauyin ce wa mutum a'a. Zaidu ya je sayen rago, ya ji ta, ya dawo da ita gida.

Fim ya bi daga waya zuwa waya har ya kai rugage. Wata ranar kasuwa Altine ya yi dariyarsa kamar kullum, sai wuri ya yi tsit. Yero, makiyayin da tun zamanin ubansa Altine ke sayar musu da shanu, ya miƙa hannu ya karɓi igiyar bijiminsa, ya kai wa wani dillali. Wasu suka bi shi.

Altine ya shiga mota ya zo Dutsi, ya zauna a bencin nan. Zaidu na ganinsa ya ajiye buta.

"Baffa, sannu da hanya. A sa madara?"

"Ba shayi yak kawo ni ba, ɗana. An ce kana da wani abu nawa."

"Aro niy yi, Baffa."

"Mai aro shina sallama. Tun ran nan ban ƙara dariya cikin kasuwa ba. Ina riƙe baki kamar mai ciwon haƙori, kuma ba wanda ka ba ni igiya."

Zaidu bai yi dogon ban haƙuri ba. Da kasuwa ta zagayo ya rufe tebur ya tafi Kore Mairuwa, ya hau wata amalanke a tsakiyar masu shanu. Mutane suka taru don ganin Lallaɓau ido da ido. Ya yi musu direban, ya yi telan. Sannan ya ɗora sanda a wuya, ya karkata kai, ya ce da muryar Yero sak, yana gauraya Fulatanci da Hausa, "Miɗo yiɗi, ina so, amma a ƙara kaɗan."

"Kai, ɗan shayi, yaushe kaj ji ni?" in ji Yero.

"Yanzu da kaka ciniki. In na sa ta bakin ɓarawo gobe, ka zama ɓarawo ke nan?"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Can daga baya aka ji wata gajera, ta hanci, ta suɓuce wa mai ita. Kowa ya waiwaya. Wannan karon ba wanda ya yi shiru. Kafin la'asar igiyar bijimin Yero tana hannun Altine, kuma Zaidu ya yi alkawari gaban jama'a cewa Lallaɓau ya bar dariyar har abada.

Nasiruddeen bai ji daɗi ba. Ya ce Lallaɓau ba dariya ai miya ce ba gishiri, kuma kashi na gaba yana jira. Zaidu ya ce masa ya kwantar da hankali, wanda ya tsoratar da gari da gaisuwa ba zai rasa abin yi ba.

Jiya da hantsi na je shan shayi. Ya zuba mini, ya zauna gefena, abin da bai saba yi ba.

"Malam," ya ce, "kai ka san muryoyi. Rubuto mini mugun da ba shi dariya ko kaɗan. Ka bar mini wurin gaisuwa kawai."