Rubutun da Ya Ƙi Fita a Sabuwar Monita

Yayana buga takardu yake yi a wani ɗan shago a Gada Biyu: katin biki, tambayoyin jarrabawa, takardar neman aiki. Da wannan yake ciyar da gidanmu, har da ni da nake zaman jiran aiki a lokacin. Mutum ne mai saurin hannu, ni ma kuma ba kanwar lasa ba ne.

Shekarar da monitoci shafaffu suka fara shigowa Jos, ya ce tsohuwar monitarsa mai ƙeya ta soma dishi-dishi, ya sayo sabuwa. Da ya jona ta da laftof ɗinsa, sai haruffan suka baje kamar an ɗiga wa tawada ruwa, ga ja-ja da kore-kore a gefensu. Ni ma na gani da idona. Shi ya sa na rungumi monitar, shi ya ɗauki laftof ɗin, muka nufi Tina Junction wurin wanda ya sayar masa, ina ta zuga shi a hanya.

Mai shagon ɗan asalin Filato ne, dogo, marar hayaniya. Ya jona ya duba.

"Oga, monita ba shi da matsala," in ji shi. "Laftof naka ne yana tura masa saiti na tsohon."

Ya daidaita girman hoton da na gilashin, ya kashe abin da ke shafe gefen haruffa. Nan take rubutu ya fito tar. Har na buɗe baki zan yi godiya.

"Me ka gyara?" in ji Yaya. "Yadda na kawo ta haka take. Ni za ka raina wa hankali?"

Kafin mutumin ya amsa, Yaya ya shaƙe masa wuyan riga ya sharara masa mari. Shi kuma ya wawuri kibod ya rafka wa Yaya a goshi, maɓallan suka watse a ƙasa. Suka sarƙe, suka faɗa kan teburin kaya, wata tsohuwar monita ta faɗo ta tarwatse. Na shiga rabiya, aka ba ni gwiwar hannu a baki, na tofar da jini. Yaya ya danne mutumin yana kai masa naushi, jinin goshinsa na ɗiga a kan fuskar wancan. A shekarun nan na rikicin Jos kuwa, Bahaushe da ɗan ƙasa su dambace a bakin titi ba ƙaramin abu ba ne. Na ji maƙwabta suna jan ƙofofin shagunansu.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ga kuma tsoro, don na riga na gane. Na fizgo Yaya ta baya da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Yaya, rubutun ya fita. Wallahi ya fita tar. Ina karanta shi daga nan."

Ya sake shi. Ya miƙe yana haki, ya goge jinin da ya shiga idonsa da hannun riga, ya matsa gaban monitar har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ya rufe ido ɗaya, ya sauya ɗayan. Mai shagon yana zaune a ƙasa da fasasshen leɓe, ya daina zagi, yana kallonsa.

Yaya bai juyo ba. Murya ƙasa-ƙasa, don kada mutanen da suka taru a bakin ƙofa su ji, ya ce, "Karanta min layin farko."