Malam Mika'ilu Kafinta da Gurbi Talatin da Bakwai

A wani gari da ke tsakanin Aujara da Kafin Hausa akwai kafinta, Malam Mika'ilu, wanda kowa ya san shi da abu biyu: ƙofar da ya haɗa ba ta karkacewa, shi kuma bai yarda da kowa ba. Ka kai masa katako, sai ya juya shi, ya shinshina, ya tambaye ka inda ka samo. Ku ɗan taɓa hira, sai ya sake jefo tambayar don ya ji ko amsarka za ta canza. Mutane suna jin haushi, amma suna komawa, don babu mai hannunsa a yankin.

Ba a haife shi da wannan hali ba. A Dutse ya koyi aiki yana saurayi, kuma wata rana aka kawo wa maigidansa katakon rufi mai kyau, ashe daga wani ginin gwamnati aka ɓalle shi. Da shi da maigidan suka yi kwana biyu a hannun 'yan sanda. Tun daga nan ya ɗaura wa kansa doka: duk abin da ke ɗauke da lambar gwamnati, ba ya sa masa guduma sai ya ga takarda mai hatimi.

Shi ya sa ranar da Malam Jaji, mai kula da siton makarantar sakandaren garin, ya turo masa wasu dogayen kujeru uku a baro, ƙafafunsu na rawa, bai ko tashi daga kan aikinsa ba. Ya hango lambar da aka rubuta da fenti a ƙarƙashinsu.

"Ina takarda, Malam Jaji?"

"Haba Malam Mika'ilu, ƙusa huɗu za ka buga. Wace takarda kuma?"

"In an wayi gari an ce kayan gwamnati sun ɓace, a shagon wa za a same su?"

Malam Jaji ya yi dariya ya ce zai kawo ranar Litinin. Litinin ɗin ba ta zo ba. A watan nan ya yi ritaya ya koma garinsu Garki. Malam Mika'ilu kuwa ya ce dama ya sani, tarko ne aka ɗana masa bai faɗa ba. Ya tura kujerun bayan shago, ƙarƙashin tsohon kwano, daga baya matarsa Huseina ta jibga harawar tumakinta a kai. Da damina ta wuce, kowa ya manta da su.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ya tambayarta sau biyu, 'yarsa Zinariya. Yarinya ce marar yawan magana, wadda tun tana aji biyu ta ce aikin jinya za ta yi, kuma ba ta taɓa canza baki ba. Makarantar jinya kuwa ba ta ɗaukar kowa sai wanda ya fito ajin kimiyya. Don haka da ta gama ƙaramar sakandare aka yi jarrabawar raba aji, gidan kaf ya zuba ido. Huseina har ta riga ta sa tela ya ɗinka mata farar rigar shiga ɗakin gwaje-gwaje.

Aka manna sakamako a allon sanarwa. An ja jan layi a ƙarƙashin suna na talatin da bakwai: na sama kimiyya, na ƙasa ajin adabi da tarihi. Zinariya ta zo ta talatin da tara.

Malam Mika'ilu ya tsaya gaban allon ya ƙirga da yatsa har sau uku. Bara arba'in aka ɗauka. Shekarar da ta gabace ta ma arba'in. To wane irin lissafi ne talatin da bakwai? Mutum in zai yanka lamba, ai kan arba'in yake yankawa ko talatin da biyar. Wannan lamba mai ƙusurwa, a ganinsa, an auna ta ne don a bar wasu a waje, a ɓoye gurbi uku a aljihu har masu hali su zo nema. Ga shi shugaban makarantar, Malam Zainulabidin, baƙo ne, wata huɗu kenan da kawo shi, kuma yana yawan murmushi. Malam Mika'ilu bai taɓa yarda da mai yawan murmushi ba.

Ya shiga ofis da sallama a taƙaice.

"Ranka ya daɗe, ina gurbi uku suka tafi?"

"Zauna mana, Malam. Gurbi talatin da bakwai muke da shi bana, saboda..."

"Na iya ƙirga. Ba dalili na zo ji ba, dalili ai ba ya wuyar ƙerawa. Sunan waɗanda aka ajiye wa nake tambaya."

Shugaban ya ce babu wanda aka ajiye wa komai, ya kuma roƙe shi ya zauna ya ji bayani. Malam Mika'ilu ya kaɗa rigarsa ya fita, yana jin daɗin bai bari an shafa masa mai a baki ba.

Daga ranar majalisar gindin darbejiya da ke gaban masallaci ba ta da wata hira. Ya bi sunaye talatin da bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya: wannan ɗan dillalin hatsi ne, wannan ƙanwar matar kansila ce, waccan kuwa an ga ubanta ya gaisa da shugaban da hannu biyu. Wasu suka tsawatar masa, wasu suka zuga shi don su sha kallo. Huseina ta ce, "Malam, ka je ka saurari mutumin nan ko sau ɗaya." Ya dube ta ya ce ita ma waye ya aiko ta.

Ya hau mota zuwa Dutse, ya sa aka buga masa takardar ƙorafi kwafi biyu, ya miƙa ɗaya a ofishin ilimi, bai bar wurin ba sai da aka buga wa tasa hatimi. Zinariya kuwa tana zuwa ajin adabi kullum ba ta ce komai ba. Ta ninke farar rigar ta sa a ƙasan akwati. Wannan shirun nata ya fi komai ci masa rai, yana kuma ƙara masa tsanar mai murmushin nan.

A mako na uku jami'ar bincike ta iso, Hajiya Juwairiyya, mace mai tabarau da ba ta ɓata lokaci. Aka zauna a ɗakin gwaje-gwaje, da shugaban, da wakilan iyaye, da mai ƙorafi. 'Yan majalisa suka cika tagogi. Ta sa aka fito da takardun jarrabawa ta duba su da kanta. Ɗan dillalin hatsi ya ci nasa da guminsa, ƙanwar matar kansila ma haka. Malam Mika'ilu ya ce a ransa, ai an riga an gyara.

"To me ya sa talatin da bakwai?" ta tambaya.

"Hajiya, a ɗakin nan akwai wuta, akwai ruwan da ke ƙona fata," in ji shugaban. "Ba na barin yaro ya tsaya a kan wani suna turereniya. Kujera ɗaya, ɗalibi ɗaya. Da na zo na ƙirga kujeru, talatin da bakwai na samu. Na rubuta neman ƙari, ba a amsa ba tukuna."

Ta buɗe littafin kayan makaranta ta bi layi da biro. "A nan arba'in aka rubuta. Ina ukun?"

"Haka na tarar, Hajiya. Wanda ke riƙe da sito ya yi ritaya kafin in zo."

"Amma ka sa hannu ka karɓi arba'in."

Shugaban ya sunkuyar da kai, murmushin ya ɗauke. Hajiya ta ce jerin sunaye zai tsaya yadda yake har sai kujerun sun bayyana, shugaban kuma ya same ta a Dutse ranar Litinin ya yi bayanin kayan gwamnati da suka ɓace a hannunsa. Daga taga wani ya ce, "Ashe Malam Mika'ilu yana da gaskiya."

Malam Mika'ilu bai ji daɗin wannan yabo ba, don tun da aka ambaci kujeru idonsa ke kan wadda yake zaune a kai. Doguwa ce, ba majingina. Ya zura hannu ƙarƙashinta ya ji tudun fentin lamba. Nan take ya tuna. Ya ga baro, ya ga Malam Jaji yana dariya, ya ga harawa.

Babu wanda ya sani sai shi. In ya yi shiru, zai fita ɗakin nan a matsayin mutumin da ya bankaɗo asiri, majalisa ta yi shekara tana ba da labarinsa, baƙon nan ya je Dutse ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Zinariya kuma ta ci gaba da zama a ajin da ba ta so. Hajiya ta fara haɗa takardunta. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya fi son a mayar da shi hannun 'yan sanda.

Ya miƙe. "Hajiya, suna shagona."

"Me ke shagonka?"

"Kujerun. An kawo gyara bara, babu takarda, na ƙi taɓawa. Shugaban bai san komai ba."

Ta cire tabarau ta dube shi. "Je ka kawo su yadda suke."

Haka ya turo su a baro da tsakar rana, ganyen harawa na zuba, ta gaban masallaci, ta gaban darbejiya, babu wata hanya sai ita. Ba wanda ya yi masa dariya a fili, wannan ma ya fi zafi. A tsakiyar ɗakin ya durƙusa ya buga ƙusoshin, aikin da bai kai minti ashirin ba. Da ya gama ya juya wajen shugaban ya ce, "Malam, na ci namanka a garin nan mako uku. Ka yafe mini." Shugaban ya ce ya yafe, ya ɗauki biro ya sauko da jan layin zuwa ƙarƙashin suna na arba'in.

Har yau Malam Mika'ilu yana shinshina katako, yana tambaya sau biyu, hali bai tafi ko'ina ba. Sai dai duk farkon zango akan gan shi da guduma a ɗakin gwaje-gwaje yana girgiza ƙafafun kujeru ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kira shi, ba ya kuma neman takarda. In aka tsokane shi da zancen, yakan ce tafiyar baro ba ta dame shi ba, ya manta da ita. Abin da bai manta ba shi ne yammacin ranar, da ya shiga gida ya tarar Zinariya ta fito da farar rigar tana goge ta. Ta gaishe shi kamar kullum, sannan ta ce a hankali, ba tare da ta ɗago ba:

"Baba, ashe shekara guda kenan ina ɗibar wa tumaki harawa a kan kujerata."

Ya tsaya da guduma a hannu, ya rasa wanda zai zarga.