Tankin da Ya Yi wa Ɗakin Inna Ruku'u

A wajenmu ba sai mutum ya je makaranta yake zama injiniya ba, wayar gari kawai zai yi ya ji an fara kiransa da shi. Mai gyaran janareto injiniya ne, mai faci a bakin tasha injiniya ne, wanda ke manna wa waya gilashi a kasuwar Kankara shi ma injiniya ne. Ni da nake koyar da lissafi a firamare har furfura ta fito mini, Malam ake ce mini, kuma abin bai taɓa damuna ba sai shekarar da aka kafa tanki a gidanmu na Mabai.

Yayana ne ya jawo mana. Fataucin masara yake yi a kasuwar Sheme, kuma a shekarar kasuwa ta yi masa kyau. Tun da daji ya lalace mata suka daina zuwa rafi, rijiyar gidanmu kuwa da rani sai ta koma ba mu laka. Sai ya ce zai haƙa bohol a cikin gida, a sa sola, a ɗora tanki a sama, unguwa duka ta sha. Niyya ce mai kyau, ba wanda ya ƙi.

Masu haƙa suka zo suka yi nasu suka tafi. Saura ginin da tankin zai zauna a kai. Nan Yaya ya kawo mana wani mutum da ya haɗu da shi a Sheme, gajere mai faɗin kafaɗa, da hular kwano ruwan ɗorawa a kansa da tef ɗin awo a ƙugu. Injiniya Yaya ke ce masa, an ce ya yi aiki a Abuja. Wane aiki, ba wanda ya tambaya, tunda ga hula. Ko alwala zai yi sai ya ɗaga ta kaɗan ya yi shafar kai ya mayar. Ni dai daga ganin yadda yake auna abu ɗaya sau biyu ya samu amsa biyu, ya zaɓi wadda ta fi masa daɗi, na san akwai matsala. Amma ƙane ba ya gyara wa yaya aiki a gaban baƙo, musamman idan ba shi ya sayi siminti ba.

Injiniya ya zagaya gidan ya ce babu wurin da ya dace da tanki sai bayan ɗakin Inna, mahaifiyarmu, saboda nan ne tudu.

Ɗakin Inna shi kaɗai ya rage na ƙasa a gidan. Baba, Allah ya jiƙansa, shi ya gina shi da hannunsa kafin a kawo ta amarya, da tubali da azara, ya yi yaɓen da kansa. Duk bangon ciki shatin yatsunsa ne. Lauje ya taɓa sare masa ɗan yatsa ya warke a karkace, saboda haka ko'ina ka duba za ka ga layi huɗu a miƙe, ɗaya ya bauɗe. Sau nawa Yaya ya roƙe ta a rushe a yi mata na bulo, ta ce idan ta mutu ya rushe. In tana zaune a kan gadonta tana lazimi, hannunta ɗaya na kan carbi, ɗayan yana bin layukan nan.

Aka tayar da ginshiƙai huɗu na bulo, sirara, dogaye kamar ƙafafun zalɓe, aka zuba musu dakali a sama. Na leƙa ramin harsashin kafin a rufe, bai kai gwiwata ba. Da na yi magana, Injiniya ya ce ƙasar Mabai ƙasa ce mai amana. Ranar da aka ɗora tanki ya ce sai an yi gwaji kamar yadda ake yi a Abuja. Ya hau sama da tsani, ya kira Yaya da wasu ƙarti biyu, suka zauna a gefen tankin suna lilo da ƙafa, har aka miƙa musu shayi. Gini bai motsa ba. Jama'a suka yi kabbara. Babu wanda ya tuna, har da ni mai koyar da lissafi, cewa tankin wayam yake, ko ɗigon ruwa babu a ciki.

Da aka haɗa sola ruwa ya fara hawa, cikin mako guda tankin ya fara gaishe da ɗakin Inna. Da fari ɗan sunkuyawa ne, irin na yaro mai kunya. Yaya ya ce idona ne. Na ɗauki hoto na tura wa Auta.

Auta ƙanwarmu ce, kuma ita ce injiniyar gaske, wadda ta yi karatun gine-gine a Zariya, tana aiki a Kaduna, tana da takardar rajista da hatimi. Sai dai a gidanmu Auta ce kawai, wadda Inna ta goya, wadda ta taɓa faɗawa a kwatami da kayan sallah. Ta kamo hanya ta zo a ƙarshen mako, ta zagaya ginin, ta sa farce ta ƙwaƙule simintin ya zubo kamar garin kwaki. Ta tambayi Injiniya rodi nawa ya sa a kowane ginshiƙi, ya ce daidai gwargwado. Ta tambaye shi nauyin tankin in ya cika, ya ce ya danganta da ruwan.

Sai ta juya wajen Yaya ta yi masa magana da yaren da yake ji. Ta ce in tankin nan ya cika, daidai yake da a ɗora buhun masara hamsin a kan waɗannan siraran ƙafafu, a bayan kan Inna. Na ga fuskar Yaya ta canza, don shi ya san abin da buhu hamsin ke yi wa tayar mota a hanyar Faskari. Ya dubi Injiniya.

Injiniya ya gyara hula, ya yi murmushin manya.

"Alhaji, ɗiyar nan karatu ta yi, ba a raina mata. Amma masara daban, ruwa daban. Ruwa abu ne mai taushi. In da nauyi gare shi, da kwale-kwale bai tahiya bisanai."

Wallahi sai da na ga mutane suna gyaɗa kai. Auta ta juya musu baya. Ta koma wajen Inna ta roƙe ta ta bar ɗakin, ko na wata guda ne, a sauke tankin a sake gini. Inna ta ce ita ba inda za ta, kuma yaushe Auta ta girma har take koya wa mai hula aikinsa. Auta ta koma Kaduna tana kuka, ni kuma na raka ta tasha ina jin kunyar gidanmu.

Duk da haka maganar buhu hamsin ta tsaya wa Yaya a rai, ya matsa wa Injiniya ya yi wani abu. Injiniya ya yi abin da kakanninmu ke yi wa rumbu in ya karkata: ya sa aka saro gwafa biyu na marke aka tokare ginin. Sannan ya kafa doka, kada a bar ruwa ya wuce rabin tanki.

Matsalar ita ce bai sa makunni ba. Kai tsaye ya haɗa wayar, rana na fitowa injin zai fara jawo ruwa, ba ya tsayawa sai ta faɗi. Ya ce in aka yanke waya injin zai yi fushi ya ƙone. Saboda haka hanya biyu ta rage mana: ko a lulluɓe faifan sola da tabarma a kan rufin rumfar awaki inda aka kafa shi, ko a kwashe ruwan da sauri fiye da yadda rana ke zuba shi.

Inna ta zaɓi ta biyu, don a ganinta rufe ruwa alhali mutane na bukata rowa ce. Ta zama sarkin ruwan unguwa. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, ido a sama, da ta ga inuwar ruwa ta kusa rabi sai ta aika a yi shela. Mata su zo da bokitai, masu garuwa su zo da kura. Ban taɓa ganin unguwa mai tsabta irin tamu a wannan rani ba. Babur ɗin Yaya safe da yamma ake wanke shi har fenti ya fara kodewa. An wanke tabarmin masallaci, an wanke awaki, jakin maƙwabcinmu da bai taɓa sanin sabulu ba ya yi wanka har ya kamu da mura. Baƙo in ya yi sallama, kafin a ba shi wurin zama an miƙa masa buta an nuna masa bayi. Tankin kuwa ya ci gaba da sunkuyawa a hankali, daga gaisuwa ya kai ruku'u, gwafannin suna ƙara in iska ta kaɗa. Kullum na dawo daga makaranta a Kankara sai na tsaya a ƙofar gida na leƙa tukuna.

Ana nan jikar Inna da ke aure a Ketare ta haihu. Ranar suna unguwa ta kwashe kaf, don dangi ɗaya ne. Inna ta so ta zauna gadin tanki, Yaya ya rantse sai ta je. Aka lulluɓe faifan da sabuwar tabarmar kaba, aka danne da duwatsu, aka kulle gida.

Ba mu yi shawara da awaki ba. Akwai wata jar akuya ta Inna, mai hawan katanga kamar ɓarawo. Ta bi ta kan turmi ta haye rumfa, ta ci tabarmar nan iya cinta, ta ja sauran ƙasa. Rana kuwa ranar ta fito da gaske. Tanki ya cika a karon farko tun da aka kafa dokar rabi, ya yi ta ambaliya yana jiƙa ƙasar nan mai amana.

Bayan la'asar muka dawo. Tun daga zaure muka ga ruwa yana fita ta ƙofa. Tankin yana kwance a tsakiyar inda ɗakin Inna yake, ya fashe, azara sun karye a ƙarƙashinsa. Ginin ƙasa da ruwa mai yawa haka ba sa haɗuwa. Bangon bai faɗi kamar yadda bango ke faɗuwa ba, narkewa ya yi, ya bi tsakar gida ya zama taɓo. Akuyar tana tsaye a kan rumfa tana tuƙa.

Kowa sai hamdala yake yi da ba kowa a ciki, kuma gaskiya ne, da Inna ta yi gardamar zuwa Ketare da wani labarin ake yi. Ta tuɓe takalmi ta shiga taɓon tana lalube. Mun zaci kwallayenta take nema. Can ta ɗago wani guntun yaɓe da bai kai faifan rufe ƙwarya ba, daga saman ƙofa inda ruwa bai kai ba, da layi huɗu a miƙe, ɗaya a karkace. Ta naɗe shi a gefen mayafinta. A nan dariyar da akuyar ke ba ni ta ƙare.

Aka kai magana zauren mai unguwa, Auta ta sake zuwa. Injiniya ya ce ƙaddara ce, kuma in za a bi gaskiya akuya ce ta karya doka. Auta ta nemi ya nuna takardarsa, ya ciro waya ya nuna hotonsa a Abuja, yana tsaye da hula kusa da wata ƙatuwar mota mai ɗaga kaya. Mai unguwa ya tambaye shi wa ya naɗa shi injiniya. Ya nuna Yaya, ya ce shi ya fara kiransa da haka a Sheme, shi kuma bai ga dalilin ƙaryata Alhaji ba.

Auta ta yi wa dattawan bayani cewa da ita ta yi wannan aikin, akwai inda za a kai ƙararta, a ƙwace mata takarda, a hana ta sake taɓa ginin kowa. Shi kuwa ba shi da abin da za a ƙwace, kuma ba wanda ya zo Mabai ya tambaye shi kafin ya fara. Mai unguwa ya shafa gemu, sannan ya yanke hukunci: a ƙwace hular. Aka cire ta aka rataye a ƙusa a zauren, tana nan har yau.

Bayan wata biyu na je Sabuwa ta'aziyya, na gan shi a bakin hanya yana nuna wa leburori inda za su zuba dakalin bene. Ya sayi sabuwar hula, fara, wadda aka ce ta manyan injiniyoyi ce. Ashe ƙarin girma muka yi masa. Na ja mai ginin gefe na ba shi labarin tankinmu. Ya saurare ni da ladabi, ya dubi kaina da hular zanna, ya tambaye ni ko ni injiniya ne. Na ce a'a, malamin makaranta ne. Ya ce to Allah ya ba da lada.

Auta ce ta zana wa Inna sabon ɗaki, ta tsaya a kan aikin da kanta, tankin kuma aka mai da shi can ƙarshen gida a kan ƙarfe, da makunni. Ɗaki ne mai kyau, da taga biyu da silin, ko giwa ta jingina da shi ba zai motsa ba. Inna ta shiga ta sa albarka, har ta kira Auta injiniya sau ɗaya, a gaban mutane.

Rannan na shiga gaishe ta da hantsi, na same ta a kan gado tana lazimi. Hannu ɗaya na kan carbi, ɗayan yana yawo a bango yana nema. Da ta gan ni ta janye shi.

"Bangon ga sumul yake," in ji ta. "Ba hannun kowa a jikinai."

Ta sunkuya ta jawo kwalla daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, ta ɗora yatsunta a kan guntun yaɓen, ta ci gaba da jan carbinta.