Sitikar Gingimari a Hijabin Ɗiyata

Shekarun baya, lokacin da ɗiyata ta fari ta fara zuwa Islamiyya, ba abin da ke hana ni sukuni kamar hijabinta. Duk 'yan ajin iri ɗaya suke sakawa, ruwan toka. Ta fita da nata wankakke, ta dawo da na wata. Ni kuwa ga tsoron ƙwarƙwata, kullum ina cikin tone mata kai.

Ɗiyar ƙawata kaɗai ce ba a musanya wa. Sunanta na gefen hijabin da ruwan gwal, tun daga bakin lungu kake hango shi. Ƙawar nan tawa tare muka tashi, kuma aure ya ajiye mu katanga ɗaya. Yayanta mai zirga-zirgar Maraɗi ne ya kawo mata injin nan da ake haɗawa da waya yana yanka rubutu a jikin leda, ya haɗo mata da kayan aikinsa a wata jaka ruwan hoda.

Jakar nan ta tsaya mini a rai. Sai in shiga gidan ƙawata da sunan ɗibar garwashi, idona na kan jakar. Akwai faifai mai danƙo da ake shimfiɗa ledar a kai, da 'yar ƙugiya mai tsini ta tsince rarar leda daga cikin harufa, ga abin murzawa, ga wuƙaƙen canji, har da ɗan dutsen guga na lantarki da wata farar takarda. Kuma ɗiyata can take wuni. Ta dawo tana ce mini, "Umma, yau Anti ta ba ni na riƙe mata ƙugiya."

Na tasa maigidana gaba da naci. Shi lodin kaya yake yi a boda, a nan ya samo mini injin na hannu wurin wani ɗan kasuwa. Inji tsurarsa, sai faifai ɗaya.

Na ce, "Sauran kayan fa?"

Ya ce, "Ki leƙa wurin ƙawarki mana, ta faɗa miki abin da za a sayo."

Na ce to. A raina na ce ko sama da ƙasa za su haɗe.

Aikina na farko, na ga faifan yana kama hannu, ga ƙura ta manne masa. Na ce wannan ƙazanta ba da ni ba. Na sa omo da soson ƙarfe na dirje shi fes, ashe amfaninsa na wanke. Leda ta ƙi zama, sai da na ɗaure kusurwoyin da salatif. Ita ma ledar, maigida ne ya karɓo mini wurin masu yi wa gingimari ado a tasha, ja jawur. Ya ce, "Wannan rana ba ta cin ta, har Agadas take zuwa ta dawo." Ya rubuta mini sunan ɗiyata a waya, inji ya yanka, na zauna da allura ina tsincewa har idona ya yi ruwa. Kuma wallahi ya yi kyau.

Ranar Asabar da safe na hura gawayi a dutsen guga, na shimfiɗa sabon hijabin da na sayo don aikin, ɗiyata na durƙushe gefena ta riƙe numfashi. Ina ɗora dutsen, ƙauri ya tashi. Da na ɗaga, rabin sunan ya biyo dutsen, rabi ya narke ya huda yadin.

Ta ce, "Umma, sunana ya ƙone."

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Tsohon hijabinta ta ɗauka ta fita. Can sai ga ta da suna ruwan gwal a gefensa, ƙawata na biye da ita tana toshe hanci.

"Ke dai ba ki da kirki," in ji ƙawata. "Na zaci taya ake ƙonawa. Yarinyar tirela ce da za ki liƙa mata sitikar mota?"

Na ce, "Gwaji nake yi."

Ta ce, "Gwaji a sabon hijabi? Ledar iri biyu ce. Ta kofi da faranti daban, ta tufafi daban, kuma sai an rufa takarda kafin a ɗora dutse." Ta shafa faifaina, ta dube ni, dariya ta zaunar da ita a bakin rijiya. Da za ta tafi ta ajiye mini ƙugiya ɗaya da guntun ledar tufafi, ta ce in daina zuwa ɗibar garwashin ƙarya.

Yanzu ina da komai, har jakar, tawa ma ta fi tata girma. Duk wadda ta ce mini za ta sayi inji, ina ce mata ta fara tanadar faifai da ƙugiya da ledar da ta dace, kuma ta sauke kai ta tambayi wadda ta riga ta. Sai dai na gane ba jakar ce ta fi ci mini rai ba.

Tsohon hijabin nan mai suna ruwan gwal ya daɗe da yi wa ɗiyata kaɗan, amma yana nan ninke a ƙasan akwatinta. Kwanaki na ce ta kawo in ba wa ƙanwarta, in cire sunan in sa wani. Ta fizge shi ta ɓoye a bayanta, ta ce, "A'a Umma, wannan Anti ce ta yi mini."

Na ce to. Na koma ɗaki na ci gaba da tsince harufa, har na soke yatsana da ƙugiyar Antin.