Ranar da Inna Ta Yarda da Motata

Tashi daga Inkil

Ana sallame sallar asuba na tayar da mota daga ƙofar gidanmu na nufi gareji, raina a jagule. Ranar ce wunin sunan jikar Goggo Dije, yayar mahaifiyata, can Miri, kuma Inna ta riga ta yanke hukunci: keke mai ƙafa uku za ta hau. Ni kuwa don ita na sayi motar nan! Amma duk shigar da ta yi sai ta fito da ciwon kai da jiri, wani lokaci har da amai. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce kambun baka. Maiɗakina ta ce warin mota ne, ta shiga turara kujerun da turaren wuta kamar ɗakin amarya. Ni dai na ƙudura uwata ba za ta sauka daga keken haya a gaban dangi ba, ina raye, ina da mota.

A shingen shiga gari wani ɗan sanda ya duba takarduna, ya saurari ƙarar injin, ya tambaye ni ko injin markaɗe na ɗauko. Na haɗiye, na wuce.

Garejin Bukar

Bukar bakanike Babarbare ne, ni Bafulatani, don haka tsakaninmu ba a gaisuwa sai da tsiya. Yana leƙa kai cikin motar ya yi baya yana tari, ya ce ashe bawansa aure zai ƙara bai gaya wa ubangidansa ba. Na ce ya bar shirme, na zayyana masa halin Inna. Nan take dariyar ta ɗauke. Ya tambaya ko da safe injin na yin tas-tas-tas, in ya yi zafi ya lafa. Na ce kullum.

Ya ce sai injin ya huce. Muka zauna muka ci masa da miyar taushe a wajen wata mata da ke gefen garejin, masar da ta amsa sunanta. Da ya buɗe bonet sai ya nuna mini baƙin hayaƙi da ya dafe a gefen injin. Ya ce wannan ƙarfe mai rassa shi ne manifol, shi ke tattara hayaƙi ya miƙa wa salansa. Tsakaninsa da injin akwai wani siririn faifai, gaskit, wanda ke toshe duk wata kafa. Nawa ya ƙone, hayaƙin na tsiyaya yana bi ta ramukan iska zuwa cikin mota.

“Kuna ta zuba turare, tsohuwa na shaƙar guba,” in ji shi. “Ƙamshi ya rufe muku hanci.”

Na ce wallahi yau ɗin nan za a canza shi.

Kasuwar Muda Lawal

Notinan da ke riƙe da manifol ɗin sun yi tsatsa, sai da Bukar ya jiƙa su da mai ya lallaɓa su, don in ɗaya ya karye a ciki aikin ya koma na kwana. Ya ba ni tsohon gaskit ɗin in tafi da shi, ya ce kar in yarda da bakin kowa, in ɗora sabo a kan tsoho in ga rami ya hau kan rami. Na hau acaɓa zuwa shagunan kayan mota na gefen kasuwa. Mai shagon farko ya rantse nasa daidai ne, na ɗora, rami ɗaya ya kauce. Na ce masa Allah ya ba da kasuwa. A shago na gaba na samu wanda ya zauna ɗas.

Na dawo na tarar Bukar ya kankare fuskar ƙarfen tas, domin a cewarsa ko ɗan ɓurɓushi ya rage sabon ba zai kama ba. Ya ɗaura notinan daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, yana zagayawa. Da ya tayar da mota sai na ji shiru kamar ba tawa ba. Ya ce in je, amma in tuna Babarbare ne ya ceci Fulani yau.

Inkil zuwa Miri

Bayan azahar na iso gida, na tarar da Inna ta yafa mayafi, an ma aika a kira mai keke. Na durƙusa na gaya mata abin da aka gano, na roƙe ta ta gwada ko zuwa bakin titi ne, in ta ji wani abu ni da kaina zan tare mata keke. Ta yi bisimilla ta shiga, maiɗakina ta zauna kusa da ita.

Muka ratsa gari, idona rabi a titi rabi a madubi. Muka wuce kasuwa lafiya lau. Can sai na ji tana yi wa maiɗakina bayanin inda suke kawo nono tallar ƙuruciya, tana nuna wuraren da gidaje suka cinye. Da muka fara ganin gonakin dawa na Miri har waƙar daka take yi ƙasa-ƙasa. Ni kuwa kaina ya yi girma, sitiyarin ma da yatsa biyu nake juya shi.

Komawa gida

Ta sauka da ƙafarta garau, ta ci tuwo, ta ɗauki jaririya, ta yi rawa da 'yan'uwanta. Da la'asar ta yi sanyi Goggo Dije ta sa a gyara mata shimfiɗa, ta ce ta kwana ta huta, tunda kowa ya san yadda hanya ke wahalar da ita. Ina tsaye a bakin zaure na ji amsar Inna, da ƙarfi yadda duk matan gidan za su ji:

“A'a, Adda. Ɗana na waje da motarsa, shi zai mai da ni.”

Muka iso Inkil ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Bukar duk da bakinsa. Inna kuwa da za ta shiga gida ta dafa kaina ta ce Allah ya ba ni masu ɗaukata ranar da ƙafata ta gaza.