Filin da Kawu Mahmuda Bai Gina Ba

"Shigo ciki, Juwairiya, waje ba wurin zama yanzu," in ji matarka, Inna Rekiya. Na tsallake kwalbati na shiga. Tabarma uku aka shimfiɗa wa masu gaisuwa, biyu babu kowa a kai.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, uku ga Satumba, Allah ya karɓi ranka, Kawu Mahmuda, ƙanin mahaifiyata, a gidanka na Akurba, bayan jinyar da ba ta dami kowa ba.

Lokacin da ka zo gini, masu awo suka nuna maka inda filinka ya tsaya, suka ce daga nan zuwa gaba na hanya ne, ko da hanyar ba ta zo ba tukuna. Ka yarda, ka ja katangarka baya. Maƙwabta, waɗanda aka gaya wa magana iri ɗaya, suka jera shaguna har bakin turba, suna yi maka dariya. Amma a wannan fili da ka bari unguwa ta yi taron suna, ta ɗaura aure, ta yi zaman makoki. Terhemba mai faci ya shekara yana aiki a ƙarƙashin mangwaronka kafin ya gina nasa shagon. Duk wanda ya yi maka godiya sai ka ce, "Ba nawa ba ne, ajiya ce." A nan ka koya mini keke, ka kuma hana a yi mini dariya da na faɗi.

Bara hanyar ta zo karɓar ajiyarta. Aka shafa jan fenti a kowane bango, ban da naka. Katafila ta rushe shaguna, ta tuge mangwaron, ta wuce katangarka ba ta taɓa ko bulo ɗaya ba. Wannan ne ba a yafe maka ba. Aka ce ka san wani a ofis, daga baya aka ce kai ka kira masu rusau ɗin. Mutanen da suka yi kukan iyayensu a ƙofar gidanka suka koyi duba waya idan sun hango ka.

Ba ka kare kanka ba. Kullum da la'asar kana fito da kujera, ka zauna a ɗan abin da ya rage tsakanin bango da kwalbati, kana ɗaga wa masu wucewa hannu. 'Yan acaɓa ne kawai ke amsawa. Na taɓa ce maka ka sayar ka koma gida Keana, ka ce, "In na tafi, sai su ce gaskiya ne."

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yalwata kabarinka, ya haɗa ka da maƙwabta na gari. Inna Rekiya da 'ya'yan Kawu, Luqman da Raliya, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku.

Da na tashi tafiya, Inna ta rako ni zaure.

"Kin ga wani a waje? Ko Terhemba?"

Na leƙa. Motoci ne kawai. Na ce babu.

"To, ja ƙofan da ƙarfi, ba ya shiga daidai."

Na ja, ta rufu, na tsaya a bakin kwalta ina jiran abin hawa.